Sirrin majinyaci da horon ɗaliban likitanci a Damargu

Duk abin da majinyaci ya faɗa wa likita, da abin da gwaji ya nuna a jikinsa, amana ce. Rantsuwar Janeba, wadda aka fara fitarwa a 1948 don sabunta tsohuwar rantsuwar Hifokratis, ta ɗora wa likita riƙe wannan amana ko bayan rasuwar majinyacin. A Nijar dokar hukunta laifuffuka ta tanadi horo ga ma'aikacin lafiya da ya tona asirin aikinsa, kuma a 2017 aka kafa dokar kare bayanan mutane. Nauyin yana hawa kan ɗalibi tun ranar da ya fara shiga ɗakin marasa lafiya, ko daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya fito, ko daga Jami'ar André Salifou ta Damagaram.

A aji darasin ba shi da wuya. Wuyar tana filin aiki a Damargu, kamar asibitin gundumar Tanut ko cibiyoyin lafiya na Belbeji, wadda aka cire daga Tanut ta zama gunduma a 2011. A nan kowa ya san kowa, kuma da ƙyar mara lafiya ke zuwa shi kaɗai: miji, suruka ko ƙane na biye, suna jiran bayani. Ga kuma batun harshe. Damargu ƙasar Hausawa ce da Abzinawa da Fulani da Dagirawa, don haka ɗalibin da ba ya jin Tamashek ko Fulatanci yakan nemi tafinta cikin masu jiran layi. Tafintan nan wataƙila maƙwabci ne, kuma bai yi wa kowa rantsuwa ba. Matar da ke fama da yoyon fitsari, ko mai tarin fuka ko cutar sida, idan ta ga alamar zance zai fita, sai ta ɓoye ciwon ko ta daina zuwa.

Wayar hannu ta ƙara buɗe ƙofa. Tura hoton rauni ko takardar gwaji ta WhatsApp, ko da neman shawara ake yi, tona asiri ne muddin ana iya gane mai su.

Akwai inda doka ta ba da damar bayyanawa. Sanƙarau, ƙyanda, kwalara da shan inna dole a sanar da hukumar lafiya ta gunduma don tare annoba. Bayan irin waɗannan, majinyaci baligi mai hankali shi ke da ikon zaɓen wanda za a gaya wa ciwonsa, ko da mijin aure ne ke tambaya.