Blumenau: Garin da Ambaliya Ta Haifa wa Biki

Duk shekara idan muka zo darasin ƙaura da zaman baƙunta, nakan nuna wa ɗalibaina hoton wani titi. Gidaje ne masu tsinin rufi da katako a gicciye jikin bango, ga maza sanye da gajerun wandunan fata, kowa riƙe da ƙaton kofin giya. Sai in tambaye su wace ƙasa ce wannan. Kusan baki ɗaya sukan ce Jamus. Alhali hoton daga Blumenau aka ɗauko shi, wani gari a jihar Santa Katarina da ke kudancin Brazil. Ni ba mashayi ba ne, kuma ba tallar giya ta kawo ni wannan shafi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wannan biki ya samo asali, domin labarinsa ya saɓa wa abin da ido ke gani.

A ranar 2 ga Satumba 1850 wani Bajamushe masanin haɗa magunguna, Dakta Hermann Blumenau, ya kafa matsuguni a bakin kogin Itajai tare da mutum 17. Gwamnatin Brazil ta lokacin tana neman Turawa manoma da za su cika mata yankin kudu, a Jamus kuwa talauci da ƙarancin gona sun addabi mutanen karkara. Aka yanka wa kowane iyali fili, suka sare kurmi, suka koyi noman masara da rogo da rake, suka kiwata aladu da shanu. Sai dai dajin ba kango ba ne. Mutanen Shokleng ne ke zaune a cikinsa tun kaka da kakanni, kuma an yi ta hayar 'yan bindiga suna farautarsu har suka kusa ƙarewa. Duk wanda ya ba da tarihin Blumenau ya tsallake wannan, to, rabin labari ya bayar.

Da yake baƙin suna nesa da hukuma, da hannunsu suka gina makarantu da majami'u, suka kafa ƙungiyoyin waƙa da na harbi, suka buga jaridu cikin Jamusanci. A 1880 'yan'uwa biyu, Hermann da Bruno Hering, suka fara saƙa a gida, sana'ar da ta bunƙasa har garin ya yi suna a masaƙu. Jikan baƙo kan girma a ƙauyukan kwarin, ya yi aure, ya tsufa, bai iya Fotugisanci sosai ba.

Daga 1938 al'amari ya juya. Gwamnatin Getulio Vargas ta ƙuduri aniyar narkar da baƙi cikin ƙasa ɗaya mai harshe ɗaya. Ta hana koyarwa da harsunan waje, aka rufe makarantun Jamusawa ko aka mayar da su na gwamnati, jaridunsu suka mutu. Gwamnati tana da abin fakewa, domin jam'iyyar Nazi ta samu magoya baya a cikin wasu Jamusawan Brazil, amma hukuncin ya faɗa kan mai laifi da marar laifi. Bayan Brazil ta shelanta yaƙi da Jamus a 1942, magana da Jamusanci a bainar jama'a ta zama abin da kan kai mutum ga 'yan sanda. Iyaye da yawa suka daina yi wa 'ya'yansu harshen don tsoro, har aka wayi gari kaka da jika ba sa jin juna sai da tafinta.

Biki kuwa sai bayan shekara arba'in ya zo, kuma masifa ce ta kawo shi. A watan Yuli 1983 kogin Itajai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya haura mita 15, ya shanye gidaje da masana'antu. Ba a gama share laka ba sai ya sake dawowa a Agusta 1984. A watan Oktoban wannan shekara hukumar gari da 'yan kasuwa suka shirya bikin giya mai suna Oktoberfest, don su kwantar wa jama'a hankali, su kuma jawo baƙi masu kashe kuɗi. Fiye da mutum 100,000 suka halarta. Yau ana lissafa shi cikin manyan irinsa a duniya bayan na birnin Munich.

Ga inda nakan tsayar da ɗalibaina su yi tunani. Asalin Oktoberfest bikin auren Yarima Ludwig na Bavaria ne da aka yi a Munich a 1810, wato al'adar kudancin Jamus ce. Shi kuwa Dakta Blumenau daga yankin tsaunukan Harz ya fito, kuma da yawa daga manoman da suka biyo shi 'yan arewa ne, irin su mutanen Pomeraniya da suka kafa garin Pomerode da ke maƙwabtaka. Waɗannan ba su san wandon fatar Bavaria ba. Ashe jikokin sun ari rigar da kakanninsu ba su taɓa sawa ba, domin ita ce duniya ta sani da sunan Jamusanci, ita ce kuma ke da kasuwa.

Ban ga laifinsu ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma bikin ya taimaka wa garin ya farfaɗo, ya cire wa mutane kunyar asalinsu. Amma ina roƙon mai karatu ya lura da bambancin abin da ya dawo da abin da bai dawo ba. Tufafi da kiɗa da abinci an farfaɗo da su cikin 'yan makonni, saboda kuɗi na iya sayensu. Harshen da aka kashe a makaranta da kasuwa kuwa bai koma matsayinsa na da ba. Inda ya fi saura da rai shi ne ƙauyuka da ƙananan garuruwa irin Pomerode, wurin da iyaye suka ci gaba da yin sa a gona da gindin murhu. Shi ya sa a ƙarshen darasin nakan ce wa ɗalibai, idan suna son sanin abin da ya rage wa wata al'umma a ƙasar baƙunta, kada taron biki ya ruɗe su. Su shiga gida, su saurari harshen da uwa ke kiran ɗanta da shi.