Shawa, Kifin Ƙanƙara daga Tekun Arewa

Kifin shawa da ake sayarwa a daskare a kasuwannin Bichi da Dambatta, mata su soya shi da man gyaɗa, ba ɗan kogi ba ne, domin mazauninsa ruwan gishiri ne mai tsananin sanyi na arewacin tekun Atlantika. Yana yawo garke-garke, yana cin ƙananan halittu masu shawagi a ruwa waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, macen kuma takan zuba dubban ƙwai masu danƙo da ke manne wa tsakuwar ƙasan teku har su ƙyanƙyashe. Taruwarsa wuri guda ta sauƙaƙa kama shi fiye da kima, har aka dakatar da kamunsa na ɗan lokaci a Tekun Arewa a 1977.