Tutiya Daban, Dalma Daban

Da damina ta sauka a Sakkwato, gidaje da yawa kan jera bokitai a ƙarƙashin indararo su tari ruwan sama. A lokacin ne kuma tsohuwar magana kan dawo: wai kwanon rufi guba ne, wai zafin bazara yana narkar da tutiyar jikinsa ta gangaro cikin ruwa, wai ma ƙwayar zinki, wato tutiya, da ake ba yaro mai zawo ƙarfe ne da ke taruwa a ciki. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gidaje. Wanda ya ga wannan a maƙwabta, ba a ganin laifinsa in ya tsargu da kowane ƙarfe. Sai dai an yi wa tutiya kuɗin goro, kuma hakan na sa a guji mai amfani a bar mai cutarwa.

Kwanon rufi dai baƙin ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya ta yi masa siririn mayafi. Tutiya ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 420 a ma'aunin Selshiyos, alhali ranar Sakkwato, duk da kaurin sunanta, a wajen 45 take tsayawa. Ko kwanon ya gagari tafin hannu da azahar, bai ma kai zafin tafasar ruwa ba. Aikin mayafin shi ne ya riga ƙarfen lalacewa: ko an ƙarce kwano, danshi tutiyar yake fara ci, ƙarfen da ke gefen ƙarcen ya tsira daga tsatsa. Kusan rabin tutiyar da duniya ke haƙowa a wannan aiki take ƙarewa. Ruwan sama yana wanko ɗan kaɗan daga cikinta, gaskiya ne, amma abin da ya fi ɓata ruwan rufi shi ne kashin tsuntsu da na ƙadangare da ƙurar da hunturu ya jibge, shi ya sa ake zubar da ruwan farko. Mai musu zai ce ai tutiya da dalma rami ɗaya ake haƙo su, kamar a Enyigba kusa da Abakaliki da Zurak a ƙasar Wase. Haka ne, kuma tutiyar da ba a tace sosai ba takan zo da ɓurɓushin dalma, haka ma wasu tsofaffin fenti. Wannan hujja ce ta a bar ruwan tsohon rufi mai fenti ga wanki, tunda tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire ƙarfe. Ba hujja ba ce ta la'antar tutiya.

Batun ƙwayar zawo ya fi ban takaici, domin rai ne a ciki. Jikin babban mutum yana ɗauke da giram 2 zuwa 3 na tutiya, yana kuma buƙatarta kullum don girma da warkar rauni da garkuwar jiki. Dalma kuwa jiki ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan. Nama da wake da gyaɗa suna ba da tutiya, amma gero da dawa suna da sinadarin da ke rage shigarta jini, don haka yaron da ya dogara da kunu da tuwo kan rasa isasshiya, zawo kuma ya ƙara zubar da ɗan abin da yake da shi. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Wani yaron kan yi amai bayan sha, amma wannan ba alamar guba ba ce.

Inda jita-jitar ta faɗi gaskiya, wuri ne da ba a cika ambata ba. Mai walda da ke ƙona bututu ko kwano mai tutiya a rumfa maras iska yana shaƙar farin hayaƙi, bayan 'yan sa'o'i zazzaɓi da makyarkyata su rufe shi, ya ɗauka na cizon sauro ne. Madarar da wasu ke sha ba ta karewa. Iska da takunkumin fuska na ƙwarai ne ke yi. Abu mai tsami, irin zoɓo ko kunun tsamiya, idan ya kwana a bokitin kwano yana narkar da mayafin, mai sha ya kwashi amai da murɗar ciki. Masu afa ƙwayar zinki kullum tun zamanin korona su ma su sani ba a tabbatar tana maganin cutar ba, kuma wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki samun jan ƙarfen da jini ke buƙata. Ita kuwa dalmar da ake nema a kan rufi, sau da yawa tana cikin ɗaki: kwallin dutse da ake rambaɗa wa jarirai ma'adinin dalma ne, kuma a Amurka an auna wani da aka kai daga Nijeriya aka sami dalma fiye da kashi 80 cikin 100.