Batir ɗin mota yana yawan mutuwa: ina laifin yake?

A Guna, cikin gundumar Mirya, mota ba ta kwalliya ba ce. Ita ke kai gero da gyaɗa kasuwa. Ita ke ɗaukar marar lafiya zuwa asibitin Damagaram da tsakar dare. Amma sau da yawa direba yakan murɗa makulli da asuba, inji ya yi shiru. Sai a kira samari su tura cikin rairayi. Gobe ma haka. Daga nan mai mota ya sayar da akuya, ya sayo sabon batir. Bayan sati biyu, sabon ma ya mutu. Kuɗi sun tafi a banza, domin ba a nemi inda laifin yake ba.

Batir kamar randa yake. Randa ba ta yin ruwa da kanta, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. In an wayi gari babu ruwa a randa, ko mai ɗebo ruwa bai ɗebo ba, ko wani ya sha da dare, ko kuwa randar ce ta tsage. Ba a fasa randa sai an san wanne ne.

A fara da abin da ido ke gani. Batir yana da kai biyu, ɗaya mai alamar +, ɗaya mai alamar –. A kama wayar kowane kai a girgiza. In tana motsi, a ɗaure ta da sifana. In an ga farin gari ko kore ya taru a wurin, shi ke tare hanyar wuta. Maganinsa yana cikin gida: a jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, a wanke kan batir da ita, a goge ya bushe, a shafa ɗan giris. Amma kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir, zai ɓata shi.

Mai ɗebo wa batir wuta shi ne dinamo, wanda wasu makanikai ke kira altaneta. Inji ne ke juya shi da wata igiyar roba, wato fambel. In fambel ya saki ko ya tsufa, dinamo ba ya juyawa sosai, batir kuma ba ya cika. Sau da yawa akan ji shi yana ƙara in an tayar da inji. A gaban direba akwai jar fitila mai hoton batir. Takan kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ta ƙi mutuwa, dinamo ba ya aiki.

Makanikai suna da ƙaramar mita ta auna wuta. Yadda ake auna gero da tiya, haka ake auna ƙarfin wuta da bolt. Cikakken batir da ya kwana bai yi aiki ba yana nuna 12,6. In ya nuna 12,2, rabi ya rage. In inji yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13,5 da 14,5. Ƙasa da haka, dinamo ba ya ba da wuta isasshiya. In ta kai 15 ko ta wuce, wuta ta yi yawa, tana dafa batir, ruwansa na ƙonewa.

Wasu sukan cire kan batir alhali inji yana aiki, wai don su gane ko dinamo na da lafiya. Wannan mummunar dabara ce. Tana iya ƙona dinamon, a motocin yanzu har da kwamfutar inji.

Wani lokaci dinamo lafiya lau yake, lokaci ne ba ya samu. Tayar da inji yana cin wuta da yawa. Motar da ke fita ranar kasuwa kaɗai, ko wadda ke ƴar gajeriyar tafiya a kashe ta, ba ta mayar da abin da ta ci.

Sai ɓarawon dare. Gane shi ba wuya. Da yamma, bayan doguwar tafiya, a cire wayar kai mai alamar –. Da safe a mayar. In mota ta tashi nan take, alhali kullum ba ta tashi, to wani abu ne ke shan wuta cikin dare. Ko rediyo, ko fitilar ciki da ba ta mutuwa, ko waya da ta goge tana taɓa ƙarfe. A ƙauye akwai wani kuma: wayoyin salula na maƙwabta da ake jona wa mota caji, inji a kashe. Makaniki yakan sa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin kan batir da wayar da aka cire. In ya kama da haske, sai ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare fitila ta mutu, a layinsa ɓarawon yake. In an zare duka ba ta mutu ba, a koma kan dinamo, shi ma yakan sha wuta in ya lalace a ciki.

In duk wannan lafiya, to randar ce. Cikin batir akwai ɗaki 6, kowane da farantan dalma cikin ruwan asid, kowane yana ba da bolt 2 da ɗan kai. Zafi babban abokin gabansa ne. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Damagaram yana wuce digiri 40, ruwan batir yana raguwa da sauri. In batir mai marafai ne, a buɗe a duba kowane wata. Ruwa ya rufe farantan. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwa wanda ake sayarwa don batir. Ba a ƙara asid. Ba a zuba ruwan rijiya ko na tabki, gishirin da ke cikinsa yana kashe farantan. Batir marar marafai ba a buɗe shi. Gargadar hanya ma tana karya farantan, saboda haka a ɗaure batir tam a mazauninsa.

A kai batir a yi masa caji ya cika, a ajiye shi kwana ɗaya ba a haɗa da komai ba. In mita ta nuna wajen 10,5, ɗaki ɗaya ya mutu. In cikinsa ya kumbura, shi ma ya gama. A nan ne sayen sabo ya zama dole.

Batir yana fitar da iska mai kama wuta, musamman lokacin caji. Kada a kusance shi da taba ko ashana. In asid ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Tsohon batir kuma ba a fasa shi a gida, domin dalma guba ce. A Caroy, kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka mutu saboda dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu. A mayar da tsohon wurin mai sayar da batir, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa.