Yadda masu doguwar tafiya a kan babur ke lissafin rana, mai da gajiya

A ranar 19 ga Afrilun 2022 wani ɗan Najeriya mai suna Kunle Adeyanju ya tayar da babur ɗinsa a birnin Landan, bai iso Legas ba sai ranar 29 ga Mayu. Ya ratsa Faransa da Sifaniya, jirgin ruwa ya tsallakar da shi zuwa Maroko, ya gangaro ta Muritaniya da Senegal da Mali, har ya shigo gida ta iyakar Seme, duk domin taya ƙungiyar Rotary yaƙi da cutar shan inna. Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne nisan, fiye da kilomita 12,000. Sai dai wanda ya raba wannan nisa da kwana 41 da mutumin ya yi a hanya zai ga cewa kimanin kilomita 300 ne ke faɗo wa kowace rana, wato bai ma kai tsakanin Kano da Abuja ba.

A wannan ɗan lissafi sirrin sana'ar yake. Masu yawon ƙasashe a kan babur, waɗanda mutanen gari kan ɗauka 'yan tsere ne saboda ƙarar injinsu, galibinsu mutane ne masu tsananin kiyaye lokaci da mai da ƙarfin jikinsu. Abin da suka sani ya shafi mai karatu ko da bai taɓa mafarkin zuwa Landan ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tsada, ba abin mamaki ba ne yau a ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya nufi garinsu hutun sallah.

Daga Magariba ake fara lissafi

Sabon shiga yakan tambayi ƙarfe nawa zai tashi. Tsohon hannu kuwa ƙarfe nawa zai sauka yake fara yankewa, sannan ya ƙirgo baya. A Arewa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma duk shekara, don haka ƙa'idarsu ita ce a isa masauki da La'asar, a bar sa'a biyu a ajiye saboda faci ko ɓatan hanya. Dalilin a fili yake. Fitilar babur ɗaya ce, ba ta nuna zurfin rami sai an zo kansa, tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ganye kaɗai ake zuba mata a matsayin alama, ga shanu masu tsallakawa, ga kuma matsalar tsaro wadda ta fi tsananta bayan duhu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba nisa da gudun da allon babur ke nunawa. Mutum ya ce yana gudun kilomita 90 a sa'a, saboda haka kilomita 430 na Kano zuwa Abuja ba za su kai shi sa'a biyar ba. Ya manta da shan mai, da shingayen bincike, da cunkoson Kwanar Dangora da Zariya da Kawo, da tsayawar sallah da cin abinci. In aka haɗa duka, abin da gogaggu ke dogara da shi bai wuce kilomita 50 zuwa 60 a kowace sa'a ba. Tafiyar ta koma sa'a bakwai ko takwas ke nan, kuma wanda ya bar Kano bayan Azahar ya riga ya zaɓi shiga dare tun bai tayar da inji ba.

Babba ko ƙarami?

Babur ɗin da Adeyanju ya hau Honda CB500X ne, matsakaici a wurin masu wannan harka, tankinsa yana cin lita 17 da 'yan kai, wadda za ta iya kai mutum wajen kilomita 400. Manyan babura suna da daɗin zama, suna da birki mai ƙarfi, iskar tirela ba ta kaɗa su kamar yadda take kaɗa ƙanana. Amma a ganina, ga mai yawo cikin ƙauyukanmu, ƙaramin babur irin Bajaj Boxer yana da wata fa'ida da kuɗi ba sa saye: babu garin da za a rasa bakaniken da ya san cikinsa, babu kasuwar da za a rasa fuloginsa ko wayar kulocinsa. Faffaɗar tayar babban babur kuwa, in ta yage a Bali ko Mokwa, sai an aiko da wata daga Legas ko Abuja, mai ita kuma ya zauna jira kwana da kwanaki. Haka nan injin zamani mai fesa mai da na'ura ba ya jure gurɓataccen fetur kamar yadda tsohuwar kafireta ke jurewa, ita da ake kwancewa a wanke a gindin bishiya.

Ko wane iri ne, dokar mai ɗaya ce: da tanki ya kai rabi, a cika shi a gidan mai na farko da aka tarar yana sayarwa. Idan dole ta sa aka sayi na 'yan bumburutu, a tace shi da kyalle mai tsabta, a kuma duba gindin kwalbar, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya. Ɗaukar galan a baya dabara ce mai kyau a hamada, amma a Arewa maso Yamma tana iya jawo wa mutum tambayoyin da bai shirya musu ba. A 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina sun hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga da babura suke kai hari, kuma har yau jami'in tsaro ba ya kallon babur mai ɗauke da jarka da idon rahama.

Minti goma na safiya

Kafin karin kumallo ake duba babur, tun taya tana da sanyi, domin iskar cikinta tana kumbura idan ta yi zafi, awon ya ba da ƙarya. Sai baƙin mai, sai birki gaba da baya, sai fitilu, sai a bi kusoshi da sifana, tunda girgizar hanya tana kwance su a hankali.

Sarƙa ce ta fi cin hankali. A yawancin baburan titi ana so ta yi lilo na santimita biyu zuwa uku idan aka taɓa ta a tsakiya, amma littafin kowane babur yana da nasa awon. Idan ta yi tauri tana cinye haƙoran da take hawa, idan ta yi sako-sako tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu, wanda ya taɓa ganin haka kuwa ba ya son sake gani. Ana shafa mata mai bayan kowace kilomita 500 ko makamancin haka, kuma da yamma ake yi, tana da ɗumi, don man ya ratsa kafin safe. A lokacin hunturu sai an goge ta tukuna, domin mai da ƙura in suka haɗu sun zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ita ma matatar iska a wannan lokaci tana toshewa da wuri, alamar kuwa ita ce babur ya rage ja, ya ƙara shan mai.

Kayan gyaran da ake ɗauka ba su da yawa: sifanu, filaya, abin faci, ƙaramin famfo, fulogi, wayar kuloci, da mahaɗin sarƙa. Wurin ɗaurin kaya ake gane gwani. Mai nauyi yana zama ƙasa, kusa da tsakiyar babur, dama da hagu daidai wa daida. Buhun da aka ɗora can ƙarshen kariya yana ɗage nauyi daga tayar gaba, sai kan babur ya riƙa rawa a kwana. Bakin igiya ko na rawani ko gefen babbar riga da ke lilo kusa da taya ya isa ya kayar da mutum.

Jiki ma inji ne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta tun ranar 1 ga Janairun 2009, duk da cewa kowa ya san yadda dokar ta kwana. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba ita ce ke fara tashi kafin kai ya taɓa kwalta, ta leburorin gini kuma ba don wannan aiki aka yi ta ba. Bayan hula sai safar hannu, domin tafin hannu mutum ke fara kai wa ƙasa, sai takalmi mai rufe idon sawu.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki game da zafi. A watan Afrilu, idan zafin gari ya haura na jikin ɗan Adam, iskar da ke bugun mai babur ba ta sanyaya shi, ƙara gasa shi take yi, tana kuma busar da gumi tun bai san ya yi ba. Shi ya sa masu ratsa Sahara ke rufe jiki ruf, kamar yadda Buzaye suka daɗe suna yi, wasu ma su jiƙa rigar ciki. Ruwa kaɗan-kaɗan ake sha a kowace tsayawa, ba a jiran ƙishirwa. Ciwon kai da fitsari mai duhu alama ce ta cewa an riga an makara. Sanyin asubar hunturu kuwa yana sandarar da yatsu har su kasa matsa birki da sauri, don haka jinkirta tashi zuwa hantsi ya fi, musamman idan hazo ya rufe hanya.

Gajiya ita ce wadda ba ta sallama. Babur mai gudun kilomita 80 a sa'a yana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, gyangyaɗin daƙiƙa uku ya wuce rabin filin ƙwallo ke nan ba tare da matuƙi ba. Tsayawar minti goma bayan kowace sa'a ɗaya da rabi, da guje wa tuwo mai nauyi da rana, sun fi goro da shayi amfani. Ƙwayoyin hana barci da wasu ke sha ba sa cire gajiyar, ɓoye ta kawai suke yi.

Kowace hanya da halinta. Ruwan farko na damina yana taso da man da ya daɗe a kan kwalta, titi ya yi santsi kamar an zuba kuɓewa. A cikin yashi ba a cafke birkin gaba, ko da yake a kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Masu hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ta Serti zuwa Gembu, sun san cewa saukowa ta fi hawa haɗari: da ƙaramar giya ake gangarowa, inji ya riƙe babur, domin birkin da aka danne tun daga sama yana zafi ya daina kamawa.

Ayari

Idan tafiyar ta ƙungiya ce, tsarin nata bai yi nisa da na fataken da ba. Akwai jagaba wanda ya san hanya, akwai gogagge da ke zama a ƙarshe ɗauke da kayan gyara, ba ya wuce kowa komai jinkirinsa. Sabon shiga a bayan jagaba ake sa shi, don ayarin ya tafi da gudun da zai iya. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yana dama ɗaya yana hagu a bayansa, kowa da filin kaucewa rami. Da hannu da ƙafa ake magana: na gaba ya nuna rami, na baya ya miƙa saƙon. Kafin a tashi kuma an riga an yanke zangon da za a haɗu idan aka rabu, saboda ba ko'ina waya ke samun sabis ba.

Doka da takardu

Babur a Najeriya ba abin hawa ne kawai ba, magana ce ta tsaro, kuma kowace jiha da dokarta. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Dokar Legas ta 2012 ta hana baburan da injinsu bai kai cc 200 ba hawa manyan tituna da dama. Kaduna ma ta taɓa dakatar da zirga-zirgar babura na wani lokaci a 2021. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka matafiyi yakan tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar da zai bi ta, kuma su ne suka fi taswirar waya sanin inda ba a bi. A shingen bincike ana rage gudu tun daga nesa, a ɗaga gilashin hula a ga fuska, a ajiye lasisin tuƙi na rukunin A da takardun babur da na inshora a aljihun da hannu zai kai ba tare da kwance kaya ba.

Mai niyyar tsallaka iyaka, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Kongolam zuwa Damagaram, ko ta Seme zuwa Kwatano, yana buƙatar fasfo, da katin rigakafin shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, sannan kwastam na ƙasar da ya shiga su ba shi takardar izinin shigar da babur na ɗan lokaci. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka abin da wani ya wuce da shi bara ba lalle ne ya wadatar bana ba. Sunan da ke kan takardun babur kuma dole ya zama na wanda ke kansa. Wanda ya sayi na hannu bai sauya suna ba, ko ya ari na ƙaninsa, zai iya cin kilomita 200 lafiya lau, sannan ya kwana a bakin iyaka yana kiran gida a aiko masa da rasit.