Dalilin da ya sa imel ɗin 'yan kasuwar Kwangila ke faɗawa akwatin "spam"

A Kwangila da ke Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa, yawancin ciniki ta WhatsApp ake ƙulla shi. Amma duk mai neman kai kaya wata ma'aikata, ko sayar wa kamfanonin Legas hatsi, dole ne ya tura takardar farashi ta imel.

A nan ake yin asara ba a sani ba. Waya za ta nuna saƙo ya tafi, alhali ya faɗa akwatin "spam", wato kwandon tarkacen saƙonni, wanda ba kowa ke leƙawa ba. Babu wanda zai sanar da mai turawa, kuma bayan kwana 30 Gmail na goge saƙon. Kafin ɗan kasuwa ya farga, wa'adi ya wuce.

Tun watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida. Duk mai tura wa masu Gmail saƙo sai ya kasance yana da SPF ko DKIM. SPF shi ne jerin kwamfutocin da aka yarda su tura saƙo da sunan adireshin kamfani, DKIM kuwa tamkar hatimi ne da ke nuna ba a taɓa wasiƙar a hanya ba.

Mai adireshin Gmail na kyauta, Google ya ɗauke masa wannan. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu adireshin kansu, irin mai ƙarewa da .com.ng. Sau da yawa wanda ya haɗa musu shafin intanet ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai saita su ba, ga shi aikin ba mai tsawo ba ne a wurin kamfanin da ke riƙe musu adireshin.

Sauran laifin na mai turawa ne. Haɗa mutum ɗari a saƙo guda, ko tura takarda ba ko sallama, ya yi kama da salon 'yan damfara na 419. Google na so ƙorafin masu karɓa ya gaza uku cikin kowane saƙo 1,000.

Idan saƙon farko ne, gara a bi shi da kiran waya. In abokin ciniki ya same shi a "spam", sai a roƙe shi ya danna "Not spam", ya kuma ajiye adireshin cikin na mutanensa.