Abin Da Ke Sa Babur Mai Lantarki Ya Yi Sanyi A Lokacin Hunturu

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin litar mai ya yi ta hauhawa, daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024. Wannan ne ya sa hankalin jama'a ya fara karkata ga kekuna da babura masu aiki da batir. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, da ke yammacin Jihar Zamfara, babur ne abin hawan manomi da ɗan kasuwa da malamin makaranta, kuma da shi ake kai marar lafiya asibiti. Saboda haka duk abin da zai sa abin hawa ya tsaya da mutum a tsakiyar daji ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman a yankin da ba a son dare ya riski matafiyi a kan hanya.

Akwai wani koke da masu irin waɗannan babura kan yi da zarar hunturu ya kama. Babur ɗin da ke tafiya garau da kaka sai ya wayi gari yana jan ƙafa, ya kasa hawa tudu, ko ma wuta ta ɗauke gaba ɗaya alhali kuwa allonsa na nuna akwai sauran caji. Da rana ta yi zafi kuma sai ya warware kamar ba shi ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin haka, da kuma matakan da ake bi a gano inda matsalar take kafin a kashe kuɗi.

Laifin ba na injin ba ne

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, injin lantarki da ke juya taya ba ya ƙin sanyi. Wayar jan ƙarfe da aka naɗe a cikinsa ma ta fi ba wuta hanya idan ta yi sanyi, domin tirjiyarta kan ragu da kimanin kashi 4 cikin 100 a duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos. Ke nan idan babur ya rage ƙarfi da asuba, galibi wutar da ke isa ga injin ce ta ragu. Wajibi ne a koma ga tushenta, wato batir.

Batura iri biyu ake sa wa waɗannan babura. Akwai na dalma da ruwan asid, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859, kuma shi ne irin wanda ke cikin motoci. Akwai kuma na litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, irin wanda ke cikin wayar hannu. Dukkansu ba a tara wuta a cikinsu kamar yadda ake tara hatsi a rumbu. Wutar tana samuwa ne daga haɗuwar sinadarai: wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da caji sukan ratsa ruwan da ke cikin batir, daga wannan faranti zuwa wancan, kuma wannan zirga-zirga ce ke tura lantarki cikin waya.

Sanyi yana rage saurin wannan zirga-zirga. Alal misali, man gyaɗa ko man shanu kan yi kauri da hunturu, ya ƙi zuba daga kwalba sai an kai shi rana. Haka ruwan batir ke yin kauri, ƙwayoyin su riƙa tafiya da ƙyar. Masana kimiyya sun lura cewa haɗuwar sinadarai da yawa takan rage sauri da kusan rabi idan zafi ya sauka da digiri 10. Kamfanoni kuwa sukan auna ƙarfin batir ne a kan digiri 20 zuwa 25, saboda haka abin da aka rubuta a jikinsa ba shi ne zai bayar ba a safiyar Janairu.

Yadda wuta ke ɗaukewa da sauran caji

Ana auna ƙarfin turin lantarki da bolt, ana auna yawan wutar da ke gudana da amfiya, ita kuwa tirjiya ana auna ta da om. Kowane batir yana da tirjiya a cikinsa, kuma duk lokacin da aka ja wuta, wani kaso na turin yakan salwanta a nan ciki. Lissafin ba shi da wuya: a ninka amfiya da om, abin da ya fito shi ne bolt ɗin da aka rasa.

A ɗauki babur mai bolt 48 wanda cajinsa ya ɗan sauka, mita na nuna 47. Idan direba ya murɗa totur a gindin tudu, injin ya ja amfiya 15, tirjiyar batir kuma kashi 2 cikin 10 na om ce, bolt 3 za a rasa, saura 44. Idan sanyi da tsufa suka ninka tirjiyar, bolt 6 za a rasa, saura 41. To, a jikin babur akwai wani akwati mai sarrafa wuta, wanda a yawancin babura masu bolt 48 aka tsara shi ya yanke wuta idan turin ya sauka zuwa wajen 42 ko ƙasa kaɗan, domin kare batir daga lalacewa. Nan take sai babur ya mutu. Da an saki totur kuma sai turin ya koma 47, allo ya nuna akwai caji, mai babur ya rasa abin da ke faruwa.

Zafi ke kisa, sanyi ke tona asiri

Hunturun Zamfara bai kai sanyin ƙasashen Turai da Amurka ba. A watan Janairu na 2024, lokacin da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da nisa a birnin Shikago na Amurka, an ga motoci masu lantarki sun yi cirko-cirko a wuraren caji sun kasa ɗaukar wuta. A yammacin Zamfara kuwa, a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan tsaya ne a wajen digiri 12 zuwa 16. Lafiyayyen batir ba ya rasa abin da ya wuce ɗan kaso a irin wannan yanayi, kuma yakan mayar da shi da hantsi.

Saboda haka idan babur ya durƙushe a sanyin da bai wuce wannan ba, alama ce batirin ya riga ya raunana, kuma sau da yawa zafin bazara ne ya raunana shi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. An san cewa rayuwar batirin dalma takan ragu da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25, na litiyam ma yakan tsufa da wuri idan ana barinsa a rana, ko ana ajiye shi cike da caji a wuri mai zafi. Ɓarnar tana ɓoye muddin ana zafi, sai sanyi ya zo ya fito da ita fili.

Matakan bincike

Mataki na farko ba ya cin ko kwabo. A ciro batirin a kwana da shi a cikin ɗaki, ko a shigar da babur ɗin zaure, sannan a gwada shi da safe. Idan ƙarfi ya dawo, an tabbatar sanyi ne sila. Kada a kuskura a ɗumama batir a bakin murhu ko kasko, domin na litiyam kan kama da wutar da ke da wuyar kashewa, na dalma kuma kan fitar da iska mai fashewa, musamman lokacin caji.

Na biyu, a tabbata batirin yana cika. Cikakken batirin litiyam na bolt 48, mai jeri 13, yakan nuna 54.6 a mita. Kowane ɗaya daga cikin baturan dalma huɗu da ake jerawa ya kamata ya nuna 12.6 zuwa 12.8 bayan ya huta daga caji na wasu sa'o'i. Masu caji da hasken rana su lura cewa hazo yana rage hasken, ƙura kuma tana rufe farantin sola, saboda haka a riƙa share shi kullum. Batirin dalma da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri kan daskare a kan farantansa, ya rage masa ƙarfi har abada.

Na uku, a auna turin yayin da injin ke jan nauyi, domin awon da aka yi babur na tsaye ba ya nuna gaskiya. A jerin baturan dalma, a auna kowanne shi kaɗai. Idan uku sun tsaya kusa da 12, ɗaya ya faɗi ƙasa da 10.5, shi ne marar lafiyar, kuma shi ke jan sauran ƙasa.

Na huɗu, a duba kawunan batir da mahaɗan wayoyi. Ƙura da tsatsa da sako-sakon noti duk suna ƙara tirjiya, kuma mahaɗar da ta yi zafi bayan tafiya ita ce mai laifi. A kuma duba ɗan makunnin da ke hannun birki, wanda ke yanke wuta idan an matsa. Idan ƙura ta maƙale shi, injin ba zai tashi ba ko da batir lafiya lau yake. Daga ƙarshe a auna iskar taya, domin sanyi kan rage ta, taya mai laushi kuwa tana cin wuta.

A wajen tuƙi, a tashi a hankali, kada a murɗe totur gaba ɗaya a mintunan farko. Batir yakan ɗumama kansa yana aiki, tirjiyarsa ta ragu. Mai doguwar tafiya da asuba ya ƙaddara cewa zangon da babur zai kai ya ragu, ya yi tanadin dawowa.

Inda mataccen batir zai tafi

Idan bincike ya nuna batirin dalma ya mutu, saura a san yadda za a rabu da shi. Mutanen wannan yanki sun san illar dalma fiye da kowa. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Dareta da Abare da Bagega na ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi shekaru tana yi wa dubbai magani. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan guba. Fasa batir a tsakar gida, ko narka farantansa a inda yara ke wasa, ko zubar da ruwansa kusa da rijiya, duk buɗe wa wannan masifa ƙofa ne. A mayar da shi a rufe ga mai sayar da batura ko masu sayen tsofaffi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi.

Kammalawa

A taƙaice, sanyin hunturu yana rage saurin batir ne na ɗan lokaci, ba ya kashe shi, kuma injin babur ba safai yake da laifi ba. Wanda ya ajiye babur ɗinsa a inuwa da bazara, ya kwana da batirinsa a ɗaki da hunturu, ya kuma nemi mai gyara ya auna da mita kafin ya sayi sabo, zai tsira da kuɗinsa, ya kuma isa inda za shi a kan lokaci.